Fasfon Waya: Masu Neman Filashin a Shisha

A wurin Bahaushe filashin iri biyu ne. Akwai na marowata, wanda za a kira mutum a katse kafin ya kai hannu aljihu. Akwai kuma na masu gyara, wanda ake haɗa waya da kwamfuta a kwashe babbar manhajar da ke cikinta a zuba wata. Na farko katin wanda ya mayar da kira yake ci. Na biyu kuwa, idan aka yi rashin sa'a, wayar yake lashewa ɗungurungum.

Wanda yake son ganin masu neman na biyun jere reras, sai ya je Shisha bayan an gama jifa. Kada jin sunan ya sa a zaci wurin busa hayaƙi ne. Unguwa ce a Makka, tsakanin Harami da Mina, maƙwabciyar Aziziyya da Rauda, mai dogayen benaye da ke kwana babu kowa yawancin shekara, sai Zulƙida ta kama su cika maƙil da alhazai saboda kusancinta da Jamra. Da an cire harami an yi aski, sai a shiga rukunin da babu shi a littafin manasik, wato tsaraba: dabino, jallabiya, darduma, haƙorin Makka ga mai so, sai kuma waya.

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, wayoyin nan kamar alhazan suke. A Arafa kowa da farin ƙyalle biyu, ba a gane minista da manomi, amma kowa da fasfonsa a jaka. Haka Samsung ke liƙa wa kowace waya haruffa uku a can cikin cikinta: KSA ta Saudiyya, XSG ta Daular Larabawa, INS ta Indiya. Waɗannan haruffa su ke yanke ranar da sabuwar manhaja za ta iso, da tarkacen manhajojin da za a tarar a ciki, da ko akwai maɓallin naɗar maganar waya. 'Yar Indiya tana da shi, 'yan ƙasashe da yawa ba su da shi. Sauya wa waya wannan fasfo shi ne sana'ar, ga kuma abokan cinikinta.

Na farkon isowa Alhaji Araha ne. Ya ga Xiaomi sabuwa dal a farashin da ya sa ya waiga ko ana kallonsa, ya biya da sauri kafin mai kanti ya farga. Sai da ya koma masauki ya kunna ya ga rabin rubutun kamar sawun kaji, ya nemi Play Store sama da ƙasa bai gani ba. Wayar 'yar kasuwar cikin gida ce ta China, inda Google ba ya aiki. Washegari ya zo yana cewa a mayar masa da ita ta duniya. Sai mai gyara ya karanto masa sharaɗi: kafin a zuba wata manhaja dole a buɗe ƙofar wayar, kuma kamfanin ya saba sa mutum jiran awa 168. Kwana bakwai ke nan cur. A hau Mina, a tsaya Arafa, a kwana Muzdalifa, a yi jifan kwana uku, a dawo, Xiaomi ba ta gama nazarin takardar Alhaji ba. Tun da ta fito da HyperOS a 2023 ma ta ƙara ƙulle ƙofar wayoyin China da sharuɗɗan da suka fi na neman biza. Jirgin Alhaji kuma jibi ne. Araha dai ba ta ado.

Yana da ƙane, wanda shi wayarsa ta zo da komai a ciki, Play Store da Larabci da Turanci, har yana yi wa yayan dariya. Wani dillali ne ya riga ya buɗe ta a hanya ya cusa mata manhajar da ba ta kamfani ba. Irin wannan waya ba ta ƙara ganin sabuntawa har abada, kuma ranar da ya nemi buɗe manhajar bankinsa sai ta ce masa ba ta yarda da wannan gida ba.

Sai Injiniyan Ɗaki. Kowane masauki yana da guda. Matashi ne, ko dattijo mai zuciyar matasa, ya zo aikin Hajji da laftof, ya kalli bidiyo uku a YouTube, ɗaya ma da harshen Hindi. Ba ya karɓar ko riyal ɗaya, don Allah yake yi, abin da ya sa ya fi kowa haɗari ke nan. Makaminsa wata manhaja ce mai suna Odin, wadda ma'aikatan Samsung ke aiki da ita a cikin gida kafin ta sulale ta shiga hannun duniya. Da alhazan da ke miƙa masa wayoyinsu sun san Odin sunan abin bautar mutanen arewacin Turai ne na dā, kuma a Makka ake kiran sa da ƙarfe biyun dare, da an yi ƙaramin wa'azi a ɗakin. Injiniya yana danne maɓallan ƙara biyu, ya soka kebul, fuskar waya ta yi shuɗi, ya loda fayil huɗu a gurabensu, ya ce bismillah. Idan akwatin ya yi kore, sai ya miƙe yana gyara wuyan riga. Idan ya yi ja, sai ya tuna bai yi shafa'i da wutiri ba.

Kurakuransa sanannu ne. Yana ɗauko manhajar Galaxy S21 mai lambar da ta ƙare da B ya nufi mai ƙarewa da U, alhali ta farko injinta Exynos ne, ta biyu 'yar Amurka ce mai Snapdragon. Suna ɗaya, uwa daban. Yana son mayar da waya tsohuwar manhaja, bai san akwai wata lamba da idan ta hau ba ta sauka ba. Idan ya zuba abin da ba na kamfani ba, wani ɗan fis da ke cikin tsaron Knox ya ƙone, 0x0 ta koma 0x1, babu tuba babu kaffara, aljihun sirrin wayar da manhajar biyan kuɗinta sun tafi ke nan. A Xiaomi kuwa akwai zaɓi uku a ƙasan Mi Flash, na ƙarshen yana goge komai ya kuma kulle ƙofa. Wanda ya zuba manhajar duniya a wayar China ya bar wannan zaɓi, ya samu bulo mai tsada. Tecno da Infinix da itel, 'ya'yan kamfanin Transsion na Shenzhen da suka cika aljihun Arewa, su ma ba su tsira ba: danna goge-duka a SP Flash Tool, lambar IMEI ta ɓace, waya ta kunna lafiya lau, ta yi hoto, ta yi waƙa, amma ba ta ƙara ganin sabis. Garin neman gira ke nan.

Da safe Injiniya ne ke raka mai wayar kanti, yana tafe yana cewa dama can wayar tana da matsala.

Hajiya Hotunana ba ruwanta da duk wannan. Ba ta san sunan wayarta ba, ta dai san launinta. Abin da ke cikinta ta sani: hoton da ta ɗauka Ka'aba na bayanta, na Jabalur Rahma, na ranar da ta ci karo da 'yar unguwarsu a Safa da Marwa, da muryoyin jikoki ɗari da wani abu. "Ɗana, ka yi mata duk abin da za ka yi, hotunana kawai." Tsakanin Hajiya da hawaye kalma ɗaya ce tak. A cikin fayilolin Samsung akwai tagwaye, ɗaya CSC ɗaya HOME_CSC. Na biyun yana barin kaya a inda suke, na farkon yana share gida har ƙarƙashin gado. Mai gyaran kirki yakan kwafe komai tukuna. Wanda ke sauri don layi ya yi tsawo kuwa, sai dai Hajiya ta koma gida ta ba da labarin Hajjinta da baki, kamar yadda kakanninta suka yi zamanin da ake zuwa a ƙasa ta Sudan a hau jirgin ruwa a Sawakin.

Akwai wasu biyu da ba sa ga maciji. Ɗaya da ya ga jan ɗigo a saiti jikinsa ya hau tsuma. Ya ji an ce 'yan Turai sun samu sabuwar manhaja mako uku da suka wuce, shi kuma shiru, don haka a sauya wa wayarsa ƙasa yau ɗin nan. Ɗayan shekara huɗu yana danna "sai an jima", sai da manhajar Nusuk ta ƙi sauka a wayarsa ya yarda zamani ya wuce shi. Su kan haɗu a bakin kanti kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon mara hankali.

Ɗan Kano-Jidda shi ba ya kunna waya ma. Juya kwali yake yi ya karanta ƙananan haruffan baya kamar mai duba. LL/A 'yar Amurka, J/A 'yar Japan, CH/A 'yar China. Ya san 'yan Japan da Koriya ta Kudu an yi su ne kyamararsu na ƙara ko an kashe sauti, abin da kan tona asirin mai satar hoto a cikin sahu. Ya san iPhone ɗin China da Hong Kong masu cin layi biyu na hannu suna da kasuwa a Arewa, inda kowa ke da layin kira da layin data. Ya san tun daga iPhone 14 a 2022 'yan Amurka ba su da ramin sa layi sam, kuma iPhone 17 da ake sayarwa a Saudiyya ita ma haka ta zo. Yana tuna zamanin da iPhone ɗin Saudiyya ba ta da FaceTime, har sai da iOS 11.3 ta fito a 2018. Ya kuma san abin da Injiniyan Ɗaki bai sani ba, cewa filashin ba ya huda rami a jikin ƙarfe, ba ya kuma sa waya kama hanyar sabis da ba a ƙera ta da ita ba. Shi kaɗai ne a layin ba a cuta. Ko shi yana cutar wani, wannan sai a tambayi 'yan kasuwar waya ta Beirut Road a Kano.

Mai Mantuwa kashi biyu ne, kuma maganarsu ɗaya: "Na manta kalmar sirrin." Apple ta sa wannan kwaɗo tun iOS 7 a 2013, Google ya bi sahu da Android 5.1 a 2015, ta yadda ko an goge waya tas sai ta nemi asusun mai ita na farko. Kashi na farko dattijo ne mai gaskiya wanda bai taɓa sanin yana da Gmail ba. Wani yaro ne ya buɗe masa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano shekarun baya, ya rubuta kalmar a bayan rasit, rasit ɗin kuma an ƙunshe goro da shi. Kashi na biyu wayar ɗan'uwansa ce, ɗan'uwan ya yi tafiya, kuma hoton da ke fuskar wayar na wata tsohuwa ce 'yar Indonesiya. Mai gyaran da ya san ciwon kansa yakan tambayi kwali da rasit. Dattijo ya tsaya yana rantsuwa, na biyun ya ce bari ya je ya ɗauko.

Shi kansa mai kantin abin kallo ne. Tun 2016 hukumomin Saudiyya suka keɓe sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa, don haka wanda ke bayan kanta farar jallabiya ce da Larabci zalla. Alhazai sukan tsaya gabansa su yi shawara da Hausa a sake: a taya shi rabi, ai bai san komai ba, dubi yadda yake hamma. Sun manta Makka cike take da jikokin Hausawan da suka zo tun kafin jirgin sama, masu laƙabin Hausawi, irin su Usama Hausawi, haifaffen garin, wanda ya riƙe kambun kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wani mai kantin sai ya bari an gama gulmarsa tsaf, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, ba ragi."

Na ƙarshe bai taɓa shiga layin Shisha ba, domin shi ba ya yarda kowa ya taɓa masa kaya. Alhaji Sabuwa-dal ke nan. Ya saya wa uwargida Samsung, ya hana a yage ledar kwali don a gani a gida cewa ba ta hannu ba ce. Bai karanta 'yar takardar da ke manne a gefe ba, wadda ke cewa layin farko dole ya zama na yankin da aka yi wayar dominsa, a kuma yi kiran minti biyar da shi. Samsung ta fara wannan tun Galaxy Note 3 a 2013, don hana dillalai kwasar kaya daga kasuwa mai araha zuwa mai tsada. An sauka Kano, an yi guɗa, an raba dabino da zamzam, uwargida ta yage leda a gaban kishiya, ta sa layinta, waya ta ce a kawo lambar buɗewa.

Washegari Alhaji na Farm Centre, da sabuwar hula da ƙamshin turaren Makka. Yaron kanti ya karɓa ya juya kwalin.

"Alhaji, daga ina?"

"Daga Makka mana. Da hannuna na saye ta a Shisha."

Yaron ya sa farce a kan 'yar takardar ya nuna masa. "Wannan Ba'indiya ce, Alhaji. Makka dai ita ma zuwa ta yi."