Malam Linux da Hanjin Biro

Ina da wata cuta, kuma gara in faɗe ta da bakina kafin abokaina su riga ni: ban iya cewa "ban sani ba". Na gwammace in yi awa guda ina zagaye tsakanin Gudu da Apo ina ƙona mai da in sauke gilashi in tambayi mai shayi hanya.

Shekara biyu ke nan da na cire Windows daga laftof ɗina na sa Ubuntu, kuma tun ranar na zame wa jama'a alaƙaƙai. A majalisarmu ta bayan isha'i babu wanda ya tsira. Na ba su tarihin Linus Torvalds, ɗalibin jami'ar Helsinki da ya fara Linux a 1991. Na gaya musu Ubuntu ta fito a 2004, kyauta ce, ba ruwanka da lasisin sata, sunan ma daga harsunan Zulu da Xhosa yake, ma'anarsa mutuntaka. Suka sa mini suna Malam Linux. Sai daga baya na gane ba yabo ba ne.

Wata Laraba cikin hunturu na kunna labarai, bakin mai karantawa na motsi, sauti babu. Na leƙa wurin saitin sauti, na ga kwamfutar ta rubuta wai abin kunne ne a jikinta. Na duba, ba waya ba igiya. Na ce to, ta ruɗe, yau za ta san da wa take. Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na shiga alsamixer, inda MM ke nuna an toshe layi, in ka danna M ya buɗe. Na buɗe kowane, na ɗaga su har ƙarshe. Shiru. Na ga wani layi, Auto-Mute Mode, mai kashe sifika da zarar an soka abin kunne. Na tsallake shi, tunda ai ban soka komai ba.

Dare na biyu uwargida ta sha lacca. Na bayyana mata cewa sauti a Linux hawa-hawa ne: ALSA ke magana da ƙarfen kai tsaye, a samansa akwai PulseAudio, wanda PipeWire ya gaje shi a Ubuntu tun 2022. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, da dai ka kai wa mai gyara." Na yi mata irin kallon da liman zai yi wa wanda ya ce ya koma makarantar allo.

Dare na uku ne aka yi ɓarnar. Na riƙa kwaso umarni daga intanet ina zubawa, rabinsu ban san me suke yi ba. Na cire wannan, na mayar da wancan, na ƙara layi a wani fayil da ban taɓa jin sunansa ba. Da na sake kunnawa sai ta rubuta Dummy Output, wato yanzu ko na'urar sautin ma ba ta gani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Cikin fushi na goge komai na sake ɗora Ubuntu sabuwa fil. Tana gama hawa na tuna lissafin adashin uwargida na wata bakwai a ciki yake. Sauti kuma bai dawo ba.

Ran Asabar na sa ta a baƙar leda, don kada 'yan majalisa su gani, na ratsa masu kayan gyaran mota a kasuwar Gudu har wani ɗan shago. Maigidan ba ya nan, sai yaronsa, da ƙyar in ya kai shekara 15. Na fara yi masa bayanin ALSA. Bai ce uffan ba. Ya karkata laftof ɗin, ya haska ramin abin kunne da fitilar waya, ya zare hanjin biro ya tura a hankali, ya jawo. Sai ga ɗan guntun ƙarfe, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ya kunna bidiyo, sauti ya tashi kamar lasifikar masallacin Juma'a, don ni da hannuna na ɗaga komai zuwa 100.

Nan na tuna. Ranar Talata na miƙe da gaggawa jin an kawo abinci, igiya na kunnena, ta fizge, na jefar da ita a kwandon shara ban duba kanta ba. Kwana huɗu kwamfutar na gaya mini gaskiya ina ƙaryata ta.

"Nawa zan ba ka?"

"Alhaji, ba komai. Sai dai na fiya wata."

Makanikan Apo, in mota ta ƙi tashi, kan batir suke fara taɓawa, sannan su tambayi mai. Mu da muka ɗan yi boko ƙaramar matsala zagi ce a wurinmu, mun fi son babba wadda ta dace da iliminmu. Na san wanda ya kwance janareto alhali famfon mai ne a rufe, kuma ina jin kai ma ka san shi.

A majalisa na ce musu matsalar mai zurfi ce, amma na shawo kanta. Uwargida kuwa ta koma rubuta adashi a littafi. Guntun ƙarfen yana cikin faranti a kan talabijin, ta hana a zubar.