Linux, Amaryar Sadaka da Ta Rasa Mai Ɗauka

Da kusanci yana ƙulla zumunci, da unguwar Glenwood ta birnin Greensboro ta daɗe da zama dangin Linux. Daga nan zuwa Raleigh, babban birnin jihar Karolina ta Arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma can ne hedikwatar Red Hat, kamfanin da ya yi arziki da wannan manhaja ta kyauta har IBM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 34. A bakin unguwar, wajen titin Gate City Boulevard, ga jami'ar UNCG cike da ɗalibai, kowa da laftof a jaka. Ga kuma 'yan'uwanmu na Nijar da Najeriya da suka yi kaka-gida a birnin, mutanen da za su zagaye kantuna uku saboda rangwamen dala biyu a kan buhun shinkafa. A lissafi, babu inda kayan kyauta ya kamata ya ci kasuwa kamar nan. Amma ka ce wa ɗayansu ga uwar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, ba a biyan ko sisi, har tsohuwar laftof ɗin da ke ƙarƙashin gado za ta tasa, sai ya yi maka kallon wanda ya zo tallar fili a tsakiyar kogin Kwara. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Alƙaluman StatCounter na 2024 sun nuna cewa cikin kwamfutocin tebur da laftof ɗari a duniya, kamar huɗu ne ke ɗauke da Linux.

Masoyan Linux sun fi shekara talatin suna laluben dalili a cikin na'ura, alhali dalilin yana zaune a falo yana shan shayi. Mutum ba ya zaɓen uwar manhaja, gadonta yake yi, kamar yadda yake gadon jam'iyyar gidansu. Abin da ya dame shi biyu ne: wa zai kira idan ta lalace, kuma wa zai zaga. Tun da Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fito da ita a 1991 ya ce kowa ya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara yadda ya ga dama, Linux ta zama amaryar sadaka. Ga asali, ga tarbiyya, ga juriya, ba lefe, ba kuɗin gaisuwar iyaye. To, duk wanda ya san mutanenmu ya san abin da ke biyo baya. Da zarar an ce ba a biyan komai, sai a fara raɗa a zaure: me ke damun yarinyar?

Mu ne muka ce araha ba ta ado, sannan mu ne muka fi kowa son araha. Sirrin shi ne, ba arahar muke so ba, nasarar ciniki muke so. Abin da aka ce dala ɗari ka saya tamanin, wannan labari ne na mako guda. Abin da aka ba kowa kyauta kuwa ba ya nuna wayon kowa. Ƙari a kan haka, a idon mai saye Windows ma kyauta ce. A Greensboro an cusa kuɗinta cikin farashin na'urar, kamar kuɗin gishiri a cikin kwanon tuwo, babu wanda ya taɓa ganin rasitinsa. A Kano kuwa, wanda ya san titin Beirut ya san cewa ana zuba wa mutum Windows da Word da CorelDraw kafin ya gama shan ruwan leda, kuma ba a cika tambayar ko labarin ya isa kunnen Microsoft ba. Saboda haka mai tallar Linux yana tallar ruwa ne a gidan da ke da rijiya. Ko rijiyar ta halal ce ko ta aro, wannan zancen wani zama ne.

Babban lamarin dai shi ne ranar lalacewa. Idan Windows ta tsaya cak ana tsakiyar cike takardar haraji, wannan jarrabawa ce ta al'umma. Za a kira ɗan wa da ke jami'a, za a tambayi maƙwabci, kowa zai ce kashe ka kunna, kowa zai tabbatar da cewa tasa ma haka take yi, a haɗu a zagi Bill Gates, wanda ya sauka daga kujerar babban jami'in gudanarwa na Microsoft tun 2000. Babu mai jin kunya. Amma idan Linux ta ƙi ganin firinta, wannan laifin mutum ɗaya ne. Uwargida za ta ce, "Alhaji, wa ya aike ka?" Ɗan wan zai ce, "Baba, wannan ai ba irin tamu ba ce." Mutum ya gwammace ya faɗa rami tare da gari da ya yi tuntuɓe shi kaɗai a kan hanya mai kyau. Red Hat ya gano wannan tun da wuri. Manhajar ba ita yake sayarwa ba, abin da bankuna da ma'aikatu ke biya shi ne lambar da za su buga da tsakar dare da kuma kafaɗar da za su ɗora wa laifi. Wato dala biliyan 34 ɗin nan, kuɗin ɗan wa ne mai lasisi.

Sai dai dangin amarya su ma suna da nasu. Ka ce musu kana son Linux, maimakon barka da zuwa sai a tambaye ka wacce. Debian ta 1993 ta haifi Ubuntu a 2004, Ubuntu ta haifi Mint a 2006, ga Fedora, ga Arch, kowacce da magoya baya masu ganin sauran a kan ɓata. Rabuwar 'yan santsi da 'yan taɓo a PRP wasan yara ce a nan. Mai neman abin buga takardar gayyatar suna zai tsinci kansa a laccar awa biyu kan 'yancin manhaja. Idan ya yi kuskuren cewa sauti ba ya fita, sai a buɗe masa baƙin allo a ce ya rubuta wasu kalmomi kamar ana karanta masa laya, in bai gane ba a ce ya je ya yi karatu. Duk wanda ya taɓa kai kukan ciwon kai aka ba shi littafin likitanci ya san yadda abin yake. Mutanen kirki ne, da yawansu aikin sa kai suke yi, amma har yau ba su bambance wa'azi da tarbar baƙo ba.

Wani zai ce duk wannan kewaye-kewaye ne, gaskiyar ita ce Linux tana da wuya, ko kuma ba ta kai ba. To, ya laluba aljihunsa. Wayar Android da yake kiran Maraɗi da ita, a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta. Tun Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Chromebook ɗin da yara ke yin aikin makaranta da shi, jininta ne. Kakar da ba ta taɓa shiga aji ba tana tura saƙon murya da Linux kullum, ba ta taɓa cewa ta yi mata wuya ba. Me ya bambanta? Wayar ta zo da ita a ciki, kowa a unguwa irinta yake riƙe da ita, akwai mai gyara a kowane lungu, kuma babu wanda ya ambaci sunan. Amaryar da aka ƙi da rana ita ce aka shigo da ita da dare cikin wani mayafi, ana ta yabon girkinta.

Akwai ƙorafi mai nauyi da ba za a share ba: Photoshop da Word na kan tebur ba a yi su don Linux ba, kuma takardar da aka tsara da LibreOffice, madadin Word a Linux, takan isa ofishin wani da hula a karkace. Wannan gaskiya ne, amma hujja ce a gare mu. Masu manhaja ba sa zuwa saboda babu jama'a, jama'a ba sa zuwa saboda babu manhaja, kamar direban da ya ƙi tashi sai mota ta cika da fasinjan da ya ƙi shiga sai mota ta tashi. Birnin Munich na Jamus ya gwada fasa wannan layi: ya yanke shawara a 2003, ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, a 2017 majalisar birnin ta ce a koma Windows, a 2020 sabbin shugabanni suka sake cewa buɗaɗɗiyar manhaja suke so. Saki da kome ke nan. Idan birni mai baitulmali da injiniyoyi ya kasa jure zama saniyar ware, me ake jira daga magidancin da ya dawo daga aikin dare?

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya nemi ƙarin wa'adi, kuma ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masoyan Linux sun sake share gida, sun ce bana ce shekararsu, kamar yadda suka ce bara da bara waccan. Abin da ya fi kusa da faruwa a Glenwood shi ne a jira rangwamen ƙarshen Nuwamba a sayi sabuwa, tsohuwar kuma a cusa ta a akwati a aika gida tsaraba, inda wani yaro a kasuwa zai san yadda zai yi da sharuɗɗan. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma turken da aka ɗaure gari duka a kansa ba a kiransa wauta, al'ada ake ce masa. Idan dangin amarya na son a ɗauka, su rage karanta mana asalinta, su samar mata maƙwabci, mutum ɗaya a kowace unguwa da zai ce "kawo in duba" ba tare da lacca ba. Kafin nan, Alhaji zai ci gaba da gargaɗin 'yan zauren WhatsApp cewa su guji kayan banza, yana rubutawa da Linux a tafin hannunsa.