Masu Cin Abinci a Birnin Dikko

Baƙon da ya shigo Katsina, ya ga Hasumiyar Gobarau, ya leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina ta 1921, ya tsaya a Ƙofar Soro, ƙarshenta dai cikinsa zai tambaye shi inda za a ci. To, kada ya tsaya karanta allon gidan abinci, ya dubi mutanen da ke kan benci. Mai fenti biyansa aka yi ya rubuta yabo, na kan benci kuwa da kuɗinsa ya zo.

Wanda za a fara nema shi ne direban Alhaji. Girma ya hana Alhaji a gan shi gaban mai tuwo, amma harshensa bai manta da miyar kukar da ya tashi a kanta ba. Sai ya turo direba da kula, da gargaɗin a ajiye mota nesa. Duk inda ka ga babbar mota ta laɓe a lungu kusa da hayaƙin murhu, daddawar wurin ta ƙwarai ce. Shi kuwa ma'aikaci mai littafi, wanda tun da aka ba Katsina jiha a 1987 ofisoshi ba su daina haifar irinsa ba, a yi hattara da shaidarsa. Wata na kaiwa goma zai fara cewa, "Hajiya, a rubuta." Kullum yana nan, amma bashi ne ya ɗaure shi.

Gwani a cikinsu shi ne ɗan ɗanɗano. Bayan magariba yake fitowa, hannu a aljihu, ya tsaya gaban mai balangu ya karɓi yanka ɗaya, ya lumshe ido, ya nemi na wajen kitse, sannan ya yanke hukunci cewa gishirin yajin ya ɗan yi yawa, ya ƙara gaba. Mai nama na binsa da harara, alhali ba alƙalin da ya kai shi adalci: mutumin da bai taɓa biya ba, ba abin da ke mayar da shi wuri sau biyu sai daɗin naman. Ɗan majalisar mai shayi kuma a ƙyale shi. Kofi ɗaya yake saye ya kai sha biyun dare, ya sauke gwamnati, ya naɗa wata, ya kori kocin Arsenal. Da ruwan zafi zalla aka ba shi ma ba zai lura ba.

Wani zai ce ai cunkoso araha yake nunawa, 'yan Keke Napep na Ƙofar Ƙaura ƙoshi kawai suke nema. Sai dai masu garau-garau mai araha sun cika gari, kuma mai Napep yana da taya: in ya wuce goma ya taka birki gaban ta sha ɗaya, da dalili. Maganar tsabta ta fi nauyi, kuma gaskiya ce, a dubi ruwan wanke kwano kafin a zauna. Amma wainar da aka kwaso daga tanda a gabanka, da tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar, sun fi kwantar da hankali a kan kazar da ta kwana a firji a daren da aka ɗauke wuta.

Idan ka iso ka tarar Hajiya na kankare ƙanzo, kada ka yi fushi, wurin ne. Gobe ka sammako.