Babur ɗin Mai Bishara a Hanyar Jos zuwa Wusasa

Tafiyar mai bishara a kan babur daga Jos zuwa Wusasa ta haura kilomita 200. Hanyar ta ratsa Jengre da Saminaka da Pambeguwa da Soba kafin ta shiga Zariya. Direban mota yakan gama ta kafin azahar, mai bishara kuwa sai bayan isha'i. Abin hawan yawanci Bajaj Boxer ne, ƙirar Indiya, wanda ikkilisiya ta saya da baiko na musamman. Ranar da aka kawo shi dattawa suka ɗora masa hannu suka yi addu'a, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake ɗora masa hannu, har da bakanike.

Shiri yakan fara da kaya. Ana ɗaure Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi cikin leda a kan tanki, rabin buhun dankalin Turawa a baya, sai zakaran da zumuntar mata ta ba da domin mai masauki. Tsakanin dankali da mai bishara ake cusa dattijon ikkilisiya, wanda ya ji ana maganar ɗaurin aure a Wusasa ya tuna yana da jika a can. Addu'ar tashi ta dattijo ce. Takan rufe shugabannin ƙasa da marasa lafiya da gwauraye, ba ta taɓa kaiwa kan tanki ba. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, duba tanki ya koma girgiza babur a kasa kunne. In an ji motsi, sai a ce Allah na nan.

Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka farkon hanya gangara ce. Nan bangaskiyar mai babur ta fi ƙarfi. Yakan kashe inji ya saki babur, ya ɗaga murya da waƙar yabo, dattijo na amsawa ido rufe, ko da yake ba ibada ce ta rufe idon ba.

Bayan Saminaka, ƙasar masara da manyan motoci, babur yakan fara tari. Masana sun rabu biyu kan dalili. Dattijo yana ganin Shaiɗan ne ba ya son a isa. Bakanizai suna cewa ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska, mai ya yi wa inji yawa, fulogi ya yi baƙi ya daina ba da wuta. Maganinsu a kwance fulogin a kankare a mayar, aikin da bai kai tsawon addu'ar tashi ba. Mai bishara, da yake ya yi makarantar Baibul, yakan tuna jakar Bal'amu ta Littafin Ƙidaya sura 22, wadda ta ƙi tafiya don ta ga mala'ika a hanya. Yakan leƙa gaba da kyau kafin ya ci gaba da buga kik. Abin da ake gani a gaban dai rami ne da akuya.

Mutuwar babur ta biyu takan zo kusa da Pambeguwa, kuma ita ce mai nauyi, domin girgiza ba ta ƙara ba da wani sauti mai kwantar da rai. Misalin budurwai goma na Matiyu sura 25, waɗanda biyar cikinsu suka fita da fitila babu isasshen mai, wa'azi ne da mai bishara ya sha yi wa matasa da ɗaga yatsa. Dattijo yakan tuna masa da shi a daidai wannan wuri, cikin ladabi. Sai turi. Shekaru sun ɗauke wa dattijo wannan aiki, nasa riƙon zakara ne da ba da shawara.

Taimako yakan fito daga rumfar mai faci, Musulmi, wanda ya idar da la'asar yana naɗe tabarma. Yakan dubi babur ya ce, "Sannu da hanya, Baba Fasto. Kun juya makunnin mai zuwa rizab kuwa?" Mai bishara, wanda ba a naɗa shi fasto ba amma bai ga amfanin gyara zancen a lokacin ba, yakan yi shiru. Mai faci ya sunkuya ya murɗa ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin tanki, bugu ɗaya babur ya tashi. Ba ya karɓar kuɗi. Dankali yake karɓa, da albarka doguwa daga dattijo. Daga nan har Soba mai bishara yana juya labarin Basamariye na Luka sura 10 a ransa, yana neman yadda zai yi wa'azinsa ba tare da ambaton rizab ba.

Shingayen hanya ba su da wahala. In an tambayi abin da aka kawo, dattijo yakan ce addu'a, ya cire hula ya soma. Kafin ya gama da shugabannin ƙasa an ɗage sanda.

Wusasa tana gefen Zariya, kusa da dutsen Kufena. Can mishan ɗin CMS ya koma daga cikin birni, inda Dokta Walter Miller ya zauna tun 1905. An gina majami'ar St. Bartholomew a 1929 da ƙasa, ginin Hausa sak. Miller na cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma a Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Matafiyan sukan iso an gama ɗaurin aure, an kwashe kujeru, saura ƙanzon shinkafa.

Ranar Lahadi ake ba da shaida. A bakin mai bishara nisan turin yakan ninka, a bakin dattijo kuma ya zama shi ne ya tura. Ba a ambaton fulogi. Komowa a bayan a-kori-kura ake yi, kuma direba yana cajin babur kuɗin mutum biyu.