Keken hawan dutse a hanyar Konni

A 2020 kamfanin Specialized ya fito da Turbo Levo SL, keken lantarki na hawan duwatsu, kilo 17 da ɗoriya, Turawa suna ta yabon rashin nauyinsa. Mutumin Illela zai saurara tsaf, sannan ya tambaya: buhun albasa nawa yake kaiwa Konni?

Ko kariyar ɗaura kaya ba shi da ita. Ga yashi, ga ƙayar aduwa tana dakon taya, batir kuma yana jiran wutar NEPA mai zuwa kamar baƙon nesa. Kuɗinsa kuwa ya sayi babur biyu, a ja rago da canjin a kasuwar Lahadi.

Mai faci kaɗai zai yi masa lale marhabin.