Wasiƙa Zuwa ga Rautar Gidanmu

Ya ke rauta,

Daga Zugu nake rubuto miki, a ƙasar Bukkuyum, inda ke da 'yan'uwanki, na'urorin raba intanet, kuka fara samun wurin zama a gidaje da shaguna. Waɗansunku manya ne masu kunnuwa biyu, ana ɗora su bisa taga ko a rataye su jikin ƙusa, duk inda sabis ya fi kamawa. Waɗansu kuma ƙanana ne, a aljihu ake yawo da su. Malamin makaranta ya saye ki, mai POS ya saye ki, haka yaron da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa da kwamfutarsa mai cin wutar sola. Daga nan har Anka da Gummi, abu biyu mai sayenki yake tambaya: kina jan sabis sosai, kuma kina riƙe caji? Da wuya ka ji wanda ya tambayi ko ƙofarki na da sakata. Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Idan maganar tsaro ta taso, sai ka ji mai gyaran kwamfuta ya ce a sayi manhajar katanga, wadda suke ce wa fayawol, ya jero sunaye uku huɗu, kowace da kuɗinta na shekara. Ni a ganina daga tsakiya aka faro zancen. Duk abin da zai shigo gida daga intanet ta cikinki yake bi, wanda zai fita ma haka. Ke ce zauren gidan. Tun daga masana'anta kin zo da katangarki: baƙon da wata waya ta cikin gida ta aika aka kira, kina barinsa ya wuce, wanda ya zo haka kawai ba a kira shi ba, kina tsayar da shi a waje. Ga shi kuma a layukan salula irin namu, kamfani yakan tara jama'a da yawa a bayan adireshi guda, abin da ke sa laluɓo ki daga nesa ya yi wuya. Kwamfutar Windows ita ma tun 2004 take zuwa da tata katangar a kunne, ba ko kwabo. Gidan da ke da waya huɗu da kwamfuta ɗaya ba ya buƙatar sayen wata. Abin da yake buƙata shi ne kada a kashe wadda ke nan, domin ana kashe ta. Mai gyara zai kashe ta don manhajar sata ta samu ta zauna, ya miƙa wa mai ita kwamfutarsa, shi ke nan ba mai sake kunnawa. Wasu kwamfutocin ma har gobe Windows 7 ke kansu, wanda Microsoft ya daina toshe wa ɓaraka tun Janairun 2020.

Amma ke ma ina da ƙorafi a kanki, kuma ba ƙarami ba ne. Kalmar sirri biyu gare ki, jama'a guda ɗaya suka sani. Sun san ta waifai, wadda ake ba baƙo da maƙwabci da abokin ɗa. Ba su san ta ɗakin sarrafa ki ba, wanda ake shiga idan an rubuta lambobi irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 a waya. A nan ake sauya komai naki, kuma da yawanku kuna fitowa kasuwa da suna "admin", kalmar sirri ma "admin". Ke nan duk wanda aka taɓa ba waifai don ya tura saƙo ɗaya, yana iya shigewa can ciki. Zai ga wayoyin da ke kanki, ya kori wanda ya so. Mafi muni, zai iya sauya wurin da kike tambayar adireshin shafuka, ta yadda mai gida zai rubuta sunan bankinsa daidai, ke kuma ki kai shi shafin bogi ba tare da kin sani ba.

Kada ki ce wa zai damu da 'yar na'ura a ƙauyen Zamfara. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana gwada kalmomin sirri na masana'anta, kusan 60 kacal, a jikin rauta da kyamarorin tsaro. Dubban ɗaruruwa suka buɗe mata. Masu na'urorin ba su san komai ba, alhali an mai da kayansu rundunar kai hari. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka kamar Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Nan kusa da mu, wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye ya karɓi kuɗi ya saki irin wannan runduna a kan kamfanin Lonestar na Laberiya, har intanet ya tsaya wa jama'a masu yawa a ƙasar. Wata kotu a Landan ta ɗaure shi wata 32 a Janairun 2019. Mirai ba ta tambayi garin kowa ba. Ƙofar da ba a sauya wa makulli ba kawai take nema.

Saboda haka abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo ki gida ba shi da yawa. Ranar farko ya shiga ɗakin sarrafa ki ya sauya "admin" da wata kalma doguwa, ya rubuta ta a takarda ya adana inda yake ajiye takardun gona. Kalmar waifai kada ta zama lambar wayarsa, ko sunan ɗansa da shekarar haihuwa, domin kowa a unguwa ya san su. Ya duba tsarin kullewar, ya zama WPA2 ko WPA3. Ya kashe WPS, wannan hanyar haɗawa cikin sauri, wadda tun 2011 masana suka nuna cewa lambobinta takwas ana iya cin su da gwaji kusan 11,000, aikin 'yan sa'o'i ga kwamfuta. In kina da sashen baƙi, mai shago ya buɗe shi don masu zuwa, ya ware wayar da yake harkar banki da ita. Aikin duka bai kai zaman shan shayi ba.

Akwai dattawa masu cewa maganin abin a raba gida da intanet ɗungurungum. Ina girmama damuwarsu, sai dai mu mutanen Zamfara mun ɗanɗana wannan maganin. A farkon Satumban 2021, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe ƙarafan sabis na jihar baki ɗaya, don a yanke hulɗar 'yan bindiga da masu kai musu labari. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da maido musu. A tsakanin nan an rufe kasuwannin mako-mako, POS ya tsaya, wanda ɗansa ke Legas ko Abuja ba ya jin muryarsa balle aiken kuɗi, mutane suna hawa mota su tsallaka iyakar jiha don kiran waya ɗaya, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Ke kuma kina kan taga, fitilarki ja. Wanda ya ga wannan lokacin ya san ba za mu iya rabuwa da ke ba, don haka dole mu koyi tsare ki.

Kuma tsare ki a nan ya fi nauyi a kan yadda yake a manyan birane. A can, in sirrin mutum ya fita, kuɗi yake asara. A ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, inda satar mutane ta hana jama'a barci shekara da shekaru, sanin wa aka turo wa kuɗi, nawa ne, yaushe zai yi tafiya, wace hanya zai bi, labari ne da kan iya jawo abin da ya fi asarar dukiya. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga waya ba makulli an bar ta wurin mai caji tun safe har la'asar, saƙonnin banki duk a fili.

A nan ne ma ya kamata in yi miki adalci, domin akwai abin da ya fi ƙarfinki, ya fi ƙarfin kowace katanga komai tsadarta. Zaure ba ya tsayar da wanda mai gida ya riƙo hannunsa ya shigo da shi. Wani zai bugo waya da lafazi mai daɗi, ya ce daga ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yake ko daga masu rabon tallafi, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Da an karanta, WhatsApp ya koma hannunsa, ya shiga roƙon kuɗi wurin dangi da sunan mai waya. Wani zai ce daga banki yake, BVN ya samu matsala. Ga manhajojin da ake tura wa juna ta Xender, irin su GBWhatsApp, da ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu. Ga VPN na kyauta da matasa suka cika wayoyinsu da su lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Da yawa har yau ba su cire ba, duk zirga-zirgarsu tana ratsawa ta hannun mutanen da ba su sani ba. Maganin waɗannan yana hannun mai waya: ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ya sa wa layinsa lambar sirri don kada ɓarawon waya ya cire shi ya shiga asusu, kuma kada ya karanta wa kowa lambar da aka turo masa, ko da muryar ta yi kama da ta ɗan'uwa. Wanda ke son katanga a wayar Android, akwai irin NetGuard, kyauta, mai ba shi damar hana wata manhaja taɓa intanet sam. Ko don tsimin data ta isa a duba ta.

Sauran maganata ta masu ƙera ki ce da masu shigo da ke. Takardar da ke cikin kwalinki da Turanci take, rubutu ƙanana, ɗakin sarrafa ki ma ba ya jin Hausa, alhali masu Hausa miliyoyi ne ke sayenki. Da yawanku daga ranar da aka sayar da ku ba a sake aiko muku da gyaran manhaja. A Birtaniya, tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta hana sayar da na'ura irinki da kalmar sirri mai sauƙin cinka, kuma ta wajabta wa mai ƙerawa ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa aiko da gyara. A kan batun kalmar sirri, Kalifoniya ta Amurka ta riga ta tun 2020. A Najeriya, NCC ce ke tantance na'urorin sadarwa kafin a ba su izinin shiga kasuwa. Ina roƙonta ta sa waɗannan sharuɗɗa biyu cikin tantancewar, ta ƙara na uku: kamfanonin da ke sayar da ke haɗe da layinsu su sa bayanin matakan nan da Hausa a cikin kwali, boko da ajami, kuma ranar da aka fara kunna ki, ki ƙi yin aiki sai mai ke ya sauya kalmar sirri.

Wassalam.

Naki,
mai amfani da ke, daga Zugu