Shelti, Makiyayin Da Ba Shi Da Garke

Shelti ƙaramin karen kiwo ne da ya fito daga tsibiran Shetland, can ƙuryar arewacin Sikotland, inda wanda ya hau jirgin ruwa daga Abadin sai ya kwana a kan teku kafin ya hango Lerwick, babban garinsu. Tsibiran sun kai ɗari, amma 16 ne kawai ke da mutane. Ƙasa ce ta iska da sanyi da ƙarancin ciyawa, kuma dabbobinta duk ƙanana ne: dokinsu bai kai jakin kirki ba, tumakinsu kamar ba su gama girma ba, karensu ma ya bi sahu. Tsayin shelti daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 33 ne zuwa 41, nauyinsa kuwa kilo 7 zuwa 11, wato kamar ɗan akuyar da aka yafa wa bargo. Aikinsa na asali uku ne: ya kori tumaki daga shuka, ya tattaro su in sun watse, ya kuma sanar da mai gida cewa wani abu ya motsa. Na ƙarshen nan har yau bai ajiye shi ba.

Da farko ana kiransa kolin Shetland, saboda kamarsa da babban karen kiwon nan mai doguwar fuska da ake kira koli, wanda ba ruwansa da 'yan koli na kasuwa. Ƙungiyar Kennel Club ta Birtaniya ta amince da shi a 1909, takwararta ta Amurka ta yi wa na farko rajista a 1911. Masu kiwon babban koli suka ce sam, ba za a raɓa musu wannan ɗan tsurut ba, dole aka sauya masa suna zuwa karen tumakin Shetland a 1914. Ke nan rigimarsa da maƙwabta ta soma tun daga raɗin suna.

Yawancin misalan da za su biyo baya an samo su ne daga wani ɗalibi Bakano da ya kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa a Abadin, wanda kuma shi ne mai wannan rubutu. Tsohuwar ta sayo kwikwiyo ɗan sati takwas, domin ba a raba shi da uwarsa kafin haka. Bai yi kwana goma a gidan ba ta zame a kan ƙanƙara ta karye a ƙugu. Daga asibiti sai gidan 'yarta jinya. Ta roƙi ɗan hayarta ya riƙe mata shi na sati biyu, za ta yafe masa kuɗin haya. Wata bakwai ta yi. Duk ilimin ɗalibin game da kare a lokacin bai wuce abu guda ba: in ya biyo ka, ka duƙa kamar mai ɗaukar dutse. An gwada wannan a kan shelti, ya ɗauka gayyatar wasa ce.

Kwikwiyo yana cin abinci sau huɗu a yini, sai a mayar sau uku, in ya kai wata shida a tsaya a biyu. Awo ake yi masa, don shelti yana da saurin ƙiba kuma gashi yana rufa masa asiri. Sai an shafa haƙarƙarinsa ake sanin gaskiya. Akwai abubuwan da ba a ba kare ko da wasa: cakulan, inabi da zabibi, goro, tafarnuwa, da albasa, wadda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa ko ɗanya ce ko soyayya. Bahaushe kuwa ba ya girki babu albasa. Ɗalibin ya ajiye farantin dafa-duka a kan ƙaramin tebur ya je buɗe wa mai kawo wasiƙa ƙofa, ya dawo ya tarar da faranti fes kamar an wanke. Likitar dabbobi ta sa kwikwiyon ya amayar da shinkafar, ta miƙo takardar kuɗi. Abin da aka biya don a fito da faranti ɗaya ya fi cefanen wata. Farantin kuwa aka wanke shi sau bakwai yadda malamai suka karantar, daga ranar kwanukan gidan suka koma saman kabad.

Haƙoran nono 28 ne, sukan soma zuba wajen wata uku zuwa huɗu, na manya 42 su gama fitowa wajen wata bakwai. A wannan tsakani dasashinsa na ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya tauna, shi ya sa ake saya masa abin tauna na roba. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Bincike a Abadin ya tabbatar da maganar, ya kuma ƙara da cewa na fata yake zaɓa, irin wanda aka yo tsaraba daga Kasuwar Kurmi, kuma ƙafa ɗaya yake ci daga kowane, don kada a ce ya yi ɓarna da yawa.

Koya masa inda zai yi bayan gida ba wuya, sai dai naci. A fitar da shi da zarar ya farka, da ya gama ci, da ya gama wasa, in ya yi a inda ya dace a yaba masa nan take. Littattafai ba sa faɗin cewa wannan ya haɗa da ƙarfe ukun dare a watan Janairu, mutum yana tsaye a bayan gida da jallabiya da safa biyu yana lallashin dabba ta yi fitsari. Tsawa ba ta aiki. Shelti yana da ƙaramar zuciya, in aka daka masa tsawa sai ya shige ƙarƙashin kujera ya yini yana kallon mutum kamar maraya. A waje kuma dokar Sikotland ta 2003 ta wajabta wa mai kare ya kwashe abin da karensa ya ajiye, tarar ƙin yi fam 80 ce. Haka ɗan mutunci, mai neman digiri na biyu, ya koma bin kare da baƙar leda.

Kafin ya cika wata uku zuwa huɗu ne ake saba masa da duniya: motoci, yara, masu keke, mutane iri-iri, don shelti ɗan ɗari-ɗari ne da baƙo, in aka bari ya wuce wannan lokaci sai ya tashi matsoraci. Matsalar ita ce ba a sauke shi a titi sai ya gama allurar riga-kafi, saboda haka rungumarsa ake yi a zaga da shi. Abadin gari ne da 'yan Najeriya suka yi yawa saboda karatun man fetur. Shi ya sa ɗalibin yakan fita ne da hular sanyi har gira, don kada a gane shi.

Batun basira shi ne inda shelti ya yi suna. A littafin da masanin halayya Stanley Coren ya fitar a 1994 kan basirar karnuka, shelti ne na shida, cikin rukunin da ke gane sabon umarni kafin a maimaita sau biyar. Ana koya masa da ɗan gutsuren kaza ko cuku, minti biyar sau biyu ko uku a yini, lada kuma ya zo a daidai lokacin da ya yi abin da ake so. Abin da ba a cika gargaɗin mutane a kai ba shi ne, karen da ke gane abin da aka koya masa a sau biyar yana gane wanda ba a yi niyyar koya masa ba a sau biyu. Da haushi ya yi yawa har maƙwabta suka soma turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ɗalibin ya ɓullo da dabara: duk lokacin da kwikwiyon ya yi haushi sai ya jefa masa kaza don ya yi shiru. Cikin kwana biyu kwikwiyo ya gane kasuwar. Sai ya zo ya zauna a gabansa, ya yi haushi uku, ya dakata a biya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yadda ake yi shi ne a jira ya yi shiru tukuna, a faɗi kalmar da aka zaɓa, sannan a ba da lada, a kuma rufe labulen tagar da yake gadi. Haushin yana raguwa, ba ya ƙarewa. Wanda ya ce ya ga shelti marar baki, hoto ya gani.

Akwai wani darasin da ya ɗauka da kansa. Ɗalibin yakan rufe ɗakinsa ya yi sallar asuba, da ya yi sallama sai ya fito ya kai shi yawo. Kwikwiyo yana bakin ƙofa yana saurare. Ba a yi sati ba, duk wanda aka yi wa sallama a waya, ko da tsakar dare ne, sai ga shi da igiya a baki yana juyi kamar mazari. Wata rana ana cikin kiran bidiyo da gida ya faɗo cikin hoton.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan a bayanka? Dila ne?"

"A'a Hajiya, na mai gidan ne, amana aka ba ni."

"Amanar kare? Karatun ke nan da aka sayar da fili aka tura ka?"

Umarnin duk da Hausa aka koya masa, don da ita ɗalibin ke magana in ransa ya ɓaci, ransa kuwa kullum a ɓace yake. Zauna, kwanta, zo nan, bari, kai dai Allah ya shirye ka. Aka sa masa suna Dogari.

Sunan ya samo asali ne daga ɗabi'ar kiwo, wadda ita ce jigon al'amarin shelti. Kare ne da aka ƙera don ya tattara abin da ya watse, in babu tumaki sai ya nemi madadinsu: yara masu ƙwallo, tantabaru, keke, mota, wadda ita ce haɗarin da ya sa ba a kwance masa igiya kusa da titi. Yana bukatar yawo na kamar awa guda a yini in ya girma, da wani aikin da zai wahalar da ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa ya yi fice a gasar tsallake shinge da ratsa rami. Wanda bai ba shi aiki ba ya zama garkensa. Ranar Babbar Sallah ɗalibin ya gayyaci abokai shida cin nama, kowa ya sha babbar riga. Dogari bai taɓa ganin yadi mai yawa haka yana kaɗawa ba. Ya sunkuyar da kai, ya zaga ta bayansu, ya ɗan ja gefen rigar na ƙarshe, ya koma ɗaya ɓangaren ya tare mai shirin zillewa. Kafin a ankara ya tara magidanta shida a lungun kicin tsakanin firji da injin wanki, cikinsu har da mai digirin digirgir, ya kwanta a bakin ƙofa yana haki, yana jiran a yaba masa. A fannin kiwo aikin ba shi da aibu. Ko ɗaya bai ɓace ba.

Gashinsa hawa biyu ne: na sama dogo mai kore ruwa, na ƙasa gajere mai laushi kamar auduga. Ana taje shi aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako, a ɗan fesa ruwa, a riƙa tsaga shi layi-layi har a ga fata, kamar mai shirin kitso. Bayan kunne da hammata da bayan cinya ne wuraren da yake cukurkuɗewa. Ba a yi masa aski, don gashin ne ke kare fatarsa daga rana, kuma ba lallai ya sake fitowa daidai ba. In lokacin zubar na ƙasan ya zo, sai a same shi a miya, a shayi, a cikin kundin da aka miƙa wa malami. Baƙar kwat kuwa sai dai a yi mata addu'a. Mai sha'awar kai shelti Kano ya tuna cewa tsakiyar bazarar Lerwick ba ta cika wuce digiri 15 ba, ya kwatanta da watan Afrilu a Sabon Gari.

A ɓangaren lafiya, abin da ya fi muhimmanci shi ne wata tawaya ta gado da ake kira MDR1, wadda masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001. Karen da ke ɗauke da ita ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tare wasu magunguna, musamman ivermectin in an ba da shi da yawa, wato sinadarin da ke cikin Ivomec, allurar da duk mai kiwon raguna ya sani. Allurar tana iya jawo masa makyarkyata da makanta har da mutuwa. Ɗaya daga cikin baƙin Sallar nan, da ya ga Dogari yana susa, ya rantse cewa rabin sirinji zai gama da matsalar, haka yake yi wa ragunansa a gida. Sa'ar da aka yi, a Abadin babu kantin da zai miƙo maka ita don kare. Gwajin yawu ko jini yana nuna ko kare yana da tawayar. Ana kuma duba idon kwikwiyo tun yana sati shida zuwa takwas saboda ciwon ido na gadon dangin koli, sannan ba a haɗa masu launin toka-toka mai ɗigo biyu barbara, don 'ya'yan kan fito kurame ko makafi.

Da tsohuwar ta dawo a watan Agusta tana dogara sanda, ta sami kare lafiyayye, mai sheƙi, mai ladabi. Ta ba shi umarni da Turanci ya zauna, ya karkata kai yana kallonta kamar ta yi yaren aljanu. Ɗalibin ya ce "zauna" daga bakin ƙofa, Dogari ya zauna. A ƙa'ida ana iya sauya wa shelti kalmomin umarni cikin 'yan kwanaki, amma tsohuwar ta ce ita ba ta da ƙarfin sabuwar makaranta, a rubuta mata na Hausan da manyan baƙaƙe a manna a jikin firji. Shelti yakan rayu shekara 12 zuwa 14. Takardar tana nan a jikin firjin, kuma maƙwabta ma yanzu "bari" suke ce masa ta saman katanga.